Hoton Dala Kafin Ruwan Tuwon Hajiya Ya Tafasa

Muna idar da sallar asuba muka nufi tasha, ni da ɗan gwaggona, gari bai gama wayewa ba. Daga Azare muka kama hanyar Kano. Masu bibiyar ɗan shafin nan nawa sun san tun da na gama bautar ƙasa nake zancen sayen kyamara, saboda ina sha'awar ɗaukar hoton fili, irin su fadama da kogi da duwatsu da gari daga nesa. Wasu har sun gaji da tambayata ko na saya. To, na saya. Zan ba da labarin yadda aka yi, amma ina roƙon kada wani ya ɗauki zaɓina a matsayin hukunci, don ni ma koyo nake.

Abin da ya sa na daina jan ƙafa shi ne Baba. A Madabo aka haife shi, cikin birnin Kano, inda kakanninmu suka zauna tun zuwansu daga Borno. Yana saurayi fatauci ya kawo shi Azare, ya yi aure ya zauna. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi likita ya hana shi doguwar tafiya. Kwanakin baya Baffa, ƙanensa da ke zaune a gidan gado, ya bugo waya ya ce tsohon soron gidan ya tsage, magada sun yarda da zarar ruwa ya ɗauke za a rushe shi a yi ginin siminti. Sai da aka kwana Baba ya kira ni ya ce tunda kullum bakina na kan kyamara, in je in hau saman soron nan in ɗauko masa Dutsen Dala yadda suke ganinsa daga can suna yara. Ya ce ba na waya yake so ba, babba yake so, wanda za a wanke a rataye masa a ɗaki, don idonsa ya yi rauni. Na amsa da to, amma na san in na ɓata wannan hoton babu soron da za a sake hawa.

Hanya dai ta yi kyau fiye da yadda na saba ji, ko da yake akwai wuraren da direba ke sauka gefe saboda aiki. Kuɗin mota ya tashi sosai, har wani dattijo a gaba ya ce nan gaba sai mutum ya sayar da akuya kafin ya je gaisuwar mutuwa. Ƙarshen damina ne, ko'ina kore shar. Kogin Jama'are ya cika ya batse, gero ya yi kai, dawa ta fara ja. Ina ta leƙe ta taga ina lissafin inda zan tsaya da ina da kyamara. Ɗan gwaggon nawa, da yake taubashina ne ba ya raga mini, ya ce, “Malam mai digiri, wata nawa kana kallon bidiyon kyamara kamar za a yi maka jarrabawa? Ka saya kawai mu huta.” A Wudil muka sayi soyayyen kifi da yaji a takarda. Ni kaɗan na ci, don ban san tsawon zaman da ya yi a faranti ba. Shi ya cinye nasa ya haɗa da sauran nawa.

Hantsi ya yi sosai muka shiga Kano. Ɗan adaidaita ya sauke mu a bakin titi, ya ce daga nan sai ƙafa. Lungunan Madabo matsattsu ne, wani wurin in mai babur ya taho sai ka manna bayanka da bango. Nan ginin ƙasa ne, can siminti, wani gidan rabi da rabi. Kana tafe kana jin karatun allo daga wani zaure, ƙarar keken ɗinki daga wani. Baffa ya tarbe mu da murna, matarsa ta kawo burabusko da miyar kuka, ta ce abincin kakanninmu ne, kada mu ce mun zo gida an ba mu taliya.

Bayan azahar Baffa ya kwatanta mana shagon wani Alhaji a wajen Ƙofar Mazugal, tsohon mai ɗaukar hoton biki da ya koma sayar da kyamarori na hannu. Shagon ɗan ƙarami ne, kaya har rufi. Zaɓen jikin kyamarar bai ba ni wahala yadda na zata ba. Akwai wata babba mai nauyi irin ta ƙwararru, amma ta sha aiki, robar jikinta duk ta saɓule. Akwai wata 'yar madaidaiciya da ba ta ɗauki hoto da yawa ba. Na ɗauki ta biyun, don na tuna ni mai yawo a ƙafa ne, kuma abin da ya yi nauyi a gida ake barinsa. Na duba batir, na duba inda ake sa memori, na haska fitilar waya cikin gilasai ko akwai hunhuna. Na sake dubawa. Alhaji ya ce, “Duba da kyau, ɗana, ko amarya ba a yi mata wannan binciken.”

Inda na maƙale shi ne gilashin gaba, wanda masu sana'ar ke kira lens. Kuɗin da ke hannuna na guda ɗaya ne. Akwai gajere mai faɗi, wanda ke kwaso fili gaba ɗaya har da sararin sama, sai dai abin da ke nesa yakan fito ƙarami. Akwai kuma dogo kamar bututu, mai janyo abin da ke nesa ya kawo maka shi gaban hanci. A iya abin da na karanta, masu hoton fili sun fi farawa da mai faɗin, amma akwai masu cewa dogon ne ke fito da dutse da kwarjininsa. Alhaji dogon yake so in ɗauka. Ya ce in na tsaya a Kabuga da shi zan iya ƙirga awakin da ke kan Goron Dutse. Da ya ga na kasa yanke shawara har an kusa kiran la'asar, sai ya haɗa mini duka biyun da sandar nan mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara, ya ce in je in gwada in dawo da wanda ban so. Na ce ina tsoron kada wani abu ya same su a hannuna. Ashe ya san Baffa. Ya ce, “Ai ɗan gidan Malam ne kai. In ka gudu na san ƙofar da zan buga.”

Washegari da sassafe muka hau Dala don gwaji. Matakalar ta fi yadda take a ido, sai da na tsaya hutawa, taubashina yana gaba yana cewa boko ya cinye mini gwiwa. A sama iska na kaɗawa, kuma da yake an yi ruwa kwana kusa, gari ya fito tas. Na fara da gajeren gilashin. Kano ta shigo gaba ɗayanta, jajayen kwanukan rufi da hasumiyoyin masallatai da duhun bishiyoyin darbejiya, ga Goron Dutse can gefe. Mutane kuwa ɗigo-ɗigo ne, ba ka bambance kowa. Daga nan na ɗaura dogon, na ce bari in nemo gidanmu. Ina ta lalube a hankali daga rufi zuwa rufi, sai kawai ga ni a tsakar gidan wasu mutane. Wata mata ce a sunkuye tana wanki, kanta ba ɗankwali, kusa ƙwarai har ina ganin kumfar sabulu a hannunta. Na sauke kyamarar da sauri. Ban danna ba, amma na ji kamar na shiga gidan mutane ba sallama. Taubashina ya tambaye ni me ya faru, na ce hannuna ne ya gaji.

Duk da haka zuciyata ba ta saki dogon ba, kuma ina da dalili. Baffa ya riga ya gaya mini an yi benaye tsakanin gidanmu da dutsen. Na yi tunanin da dogon zan iya ratsa tsakaninsu in kawo wa Baba dutsen babba, ba tare da benen kowa ba. Na ce a raina ai sama zan kalla da shi, ba ƙasa ba.

Da muka dawo na tambayi Baffa inda tsani yake. Ya dube ni ya ce, “Haka kawai za ka hau?” A gaskiya ni na ɗauka tunda gidanmu ne shi ke nan. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Gidajen unguwar a manne suke, kowace tsakar gida a buɗe, banɗakuna da yawa ba rufi. Wanda ya tsaya a saman soronmu yana ganin cikin gidajen da ke kewaye. Saboda haka namiji ba ya hawa sama, ko magini ne ko mai gyaran waya, sai an bi gida gida an sanar, mata su kintsa ko su shige ɗaki. Matar Baffa ta yafa mayafi ta fita. Ta dawo ta ce kowa ya yarda ban da Hajiya, tsohuwar da gidanta ke bayan namu, wadda ke zaune da surukanta da jikokinta 'yan mata. Ta ce tana nan tafe da kanta.

Hajiya ta zo zaure tana dogara sanda. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce a nuna mata abin da za a hau da shi. Rashin sa'a dogon ne a ɗaure. Ta kalle shi ta ce, “Wannan bututun za ka ɗora mana a ka? Na san shi. A bikin jikata ina can ƙarshen rumfa ina fama da ƙashi, aka ɗauko ni baki buɗe, har yau yara na nuna wa juna a waya. Ba da ni ba.” Na fara bayani ina in-ina, cewa dutse kawai nake so, kuma ba don kaina ba ne, Baba ne ba shi da lafiya. Ta tambayi wane Baban. Baffa ya faɗi sunansa. Ta ce, “Shi ne ya kwanta? Allah sarki. Mai tsokanar nan.” Ta tambayi jikin nasa dalla-dalla, wane ɓari ne, yana magana, yana cin abinci.

Sai ta ce in hau bayan azahar, lokacin kowa na ɗaki. Nan na shiga tsaka mai wuya. Na san rana tsaka hoto yakan fito fari fat, ba inuwa ba armashi, kuma mai raunin ido ba zai ga komai a ciki ba. Na kuma san ba kyau a yi wa mutum alfarma ya ce a ƙara. Na daure na ce, “Hajiya, in da hali, in ba zai takura ba, bayan la'asar haske ya fi taushi.” Ta ce, “Bayan la'asar? Lokacin da kowace mace ke tsakar gida tana neman abin da za a ci? Kai da haskenka, mu da yunwarmu.” Taubashina ya ƙyalƙyale da dariya, ta ce shi ma ya yi mata shiru, mai kama da masu cin bashin goro.

A ƙarshe ita ta yanke. Ta ce bayan la'asar za ta ɗora ruwan tuwo ta shigar da yaranta ɗaki, sauran gidaje ma za a gaya musu. Da zarar ruwan ya tafasa za su fito, ko na gama ko ban gama ba. Da gajeren zan hau. Duk hoton da na ɗauka sai ta gani kafin ya bar unguwa. “Bututun kuma ni zan riƙe,” in ji ta. Na ce ba nawa ba ne, na mai shago ne. Ta ce to ai gara, sai in fi saurin saukowa. Ina kallo ta naɗe shi a gefen mayafinta ta fita.

La'asar na yi aka jingina tsani. Baffa ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya, “Salamu alaikum maƙwabta, namiji zai hau sama!” Ya maimaita. Na ji ana amsawa daga nan da can, na ji ƙarar kwanuka da takun mutane, sai unguwa ta yi tsit. Ban taɓa jin nauyi irin na lokacin ba, gidaje sun tsayar da harkarsu saboda ni. Na ɗauko mai ƙafa uku, Baffa ya ce in ajiye ta, rufin ya sha ruwa, ƙafafunta za su huda shi. Ya ce in bi gefe gefe inda azara ta hau bango, kada in taka tsakiya.

Da na kai sama na ga dutsen, amma ba yadda na zata ba. Wani bene ya cinye kusan rabinsa, ga baƙin tankin ruwa a kan wani, ga dogon ƙarfen sabis ya ratsa ta gefe. A cikin gajeren gilashin kuma ya ƙara ƙanƙancewa. Sannan ga wata matsalar, in na tsaya a miƙe, faɗin gilashin na kwaso tsakar gidajen mutane ta ƙasa. Babu kowa a cikinsu, amma ga tabarmi, ga shanya, ga turmi. Hayaƙin murhun Hajiya yana tashi a bayana. Na rasa yadda zan yi, sai na tsuguna, na ƙara yin ƙasa har gwiwoyina suka taɓa rufin. A nan ɗan bangon da ya kewaye saman soron ya rufe gidajen duka. Abin da ya rage shi ne bakin bangon, da zanko ɗaya a kusurwa, wato ɗan ƙahon nan na ginin ƙasa, sai kawunan bishiyoyi, da benayen, da dutsen a bayansu rana ta yi masa ja. Na riƙe numfashi don kada hannuna ya yi rawa, na danna. Na gyara haske na sake dannawa. Ina cikin tunanin ko in matsa hagu sai na ji muryar Hajiya daga ƙasa, “Ɗan Azare, ya fara tsuwa!” Na ƙara ɗaukar wasu a gurguje. “Ya tafasa!” Na sauko, Baffa ya sanar cewa an sauka, nan da nan unguwa ta dawo da hayaniyarta.

Hajiya ta dawo zaure da tabarau. Na riƙe mata kyamara tana kallo ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya a kan wanda na ɗauka tun ina tsaye, wanda a ganina ya fi duka kyawun haske. Ta nuna ƙasan hoton ta ce igiyar shanyarta ce wannan, kuma kayan surukarta ne a kai. Ni da ƙyar na gane kaya ne. Na so in ce ana iya yanke wurin, amma alkawari ba haka aka yi ba, sai na goge shi a gabanta. Sauran ta ce ba laifi, ko da yake ba ta ga abin da za a rataye ba a nan. Ta warware mayafi ta miƙo mini bututun, ta ce in gaida Baba, in ce masa ta yafe masa kurnarta da yake tsinke mata yana yaro.

Da safe na mayar wa Alhaji dogon da mai ƙafa uku, na riƙe gajeren, na ƙara batir ɗaya. Ya ce na bar na manya na ɗauki na yara, amma ya yi mini ragi. Muka kai hoton aka wanke shi babba aka sa a firam. A mota na rungume shi har Azare, taubashina yana cewa in biya masa kuɗin kujera. Duk tsawon hanya ina shirya yadda zan ba Baba haƙuri.

Mun iso gida kafin magariba. Na shiga ɗakinsa na gaishe shi, na fara kwance takardar da aka naɗe hoton. Kafin in gama ya ce, “An gaya wa maƙwabta kafin ka hau?” Na ce an gaya musu. Ya ce to, kawo. Na jingina masa a kan gwiwa, na fara cewa dutsen ya fito ƙarami, benaye sun tare, da na samu hawa da ɗaya gilashin da wataƙila ya fi haka. Bai saurare ni ba. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗora yatsan hannunsa mai lafiya a kan zankon nan, ya bi bakin bangon da shi a hankali. Sannan ya tambaye ni ko a tsugune na ɗauka. Na ce e, don kada gidajen mutane su fito. Ya ce, “Haka muke ganinsa. Ai ba a barinmu mu miƙe a sama. Duk wanda kansa ya wuce bangon nan sai ya sha bulala. Da rarrafe muke zuwa kusurwar nan mu leƙa.” Benayen ko ambatonsu bai yi ba. Da na isar masa da saƙon Hajiya ya yi dariya har da tari, abin da muka daɗe ba mu ji ba.

Ga masu tambayata wace kyamara za su saya, har yanzu ba ni da amsa mai ƙarfi. Abin da na fahimta a wannan tafiya, in ban yi kuskure ba, shi ne na ɓata watanni ina karanta abin da kowane gilashi ke iya gani, ban taɓa tambayar a ina zan tsaya ba, da su wa ke zaune ƙarƙashin wurin, da tsawon lokacin da za su iya ba ni. Wataƙila wata rana in sayi dogon saboda tsuntsayen fadama, inda ba shanyar kowa. A cikin birni dai gajeren ya ishe ni, kuma mai son hawa sama ya fara neman tsohuwar unguwa kafin ya nemi tsani.

Hoton yana ɗakin Baba. Na buga ƙusa a sama inda aka saba rataye hotuna, ya ce in cire in dawo da ita ƙasa, daidai kan mutumin da ke kwance.